Alobera a ƙasar auduga: tarihin tsiron da ya jure ƙishin Oman amma ruwan Daudawa ke kashe shi

1/ Zaren yau na tarihi ne, tarihin wata aba da ke zaune a tsakar gidajenmu cikin tsohon bokitin fenti: alobera. Daga Daudawa zuwa Faskari, Ƙanƙara har Sabuwa, kukan ɗaya ne: "Kullum ina ba ta ruwa, amma ta ruɓe." Amsar wannan kuka tana cikin tarihinta. A gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara da asali. Dangin wannan tsiro sun haura iri 500, kuma mafi yawansu 'yan Afirka ne, musamman kudanci da gabashin nahiyar da tsibirin Madagaska. Amma wadda muke shukawa a gida, wadda masana ke kira Aloe vera, ta daɗe tana ba su ciwon kai. Ta bazu a duniya tun da can, har aka rasa gane garinsu.

3/ A 2015 Dakta Olwen Grace ta lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila, ita da abokan aikinta, suka fitar da binciken ƙwayoyin gado na dangin. Suka gano cewa 'yan uwan alobera na kusa a yankin Larabawa suke. Yau Kew tana lissafa ta a matsayin 'yar duwatsun Hajar na arewacin ƙasar Oman.

4/ Ku riƙe wannan lissafi, don a kansa komai zai dawo. Maskat, babban birnin Oman da ke gindin waɗannan duwatsu, ruwan saman da yake samu a shekara kimanin milimita 100 ne. Yankin Funtuwa da Daudawa kuwa yana samun kimanin milimita 1,000. Ninki goma ke nan, kuma kusan duka cikin wata biyar yake zuba.

5/ To yaya take rayuwa a can? Allah Ya yi mata randa a jikinta. Wannan ganye mai kauri da kake gani ma'ajiyar ruwa ce. Farin yauƙin da ke ciki, kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne zalla. Bayan ganyen kuma akwai fata mai santsi kamar an shafa kakin zuma, wadda ke hana ruwan tsiyayewa cikin iska.

6/ Akwai wata dabarar. Auduga da dawa da masara da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin numfashin ganyensu, shi ya sa suke zubar da ruwa mai yawa, ka ga sun yi yaushi da azahar. Alobera da rana ƙofa a kulle take. Sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, ta buɗe ta shaƙi iska, ta adana, gobe da rana ta yi girki da ita.

7/ Saiwarta kuma ba ta nutsawa ƙasa sosai, a sama-sama take bazuwa. An yi ta ne don ta wawuri ruwan da ya sauka kan tsakuwa kafin ya wuce, sannan ta bushe ta sha iska. Ka bar wannan saiwa cikin laka mai jiƙe kwana da kwanaki, numfashinta zai ɗauke, ƙwayoyin ruɓa su shige ta. Daga ƙasa mutuwar take farawa.

8/ Larabawa sun san halinta sarai. Sunan da suka ba ta da ɗacin da ake tatsa daga jikinta shi ne sabir, tushe ɗaya da kalmar sabr, wato haƙuri. A kula fa, ba sabara tamu ta daji ake nufi ba. Sabara itaciya ce daban, ba su haɗa dangi ba ko kaɗan.

9/ Wani Baturen Ingila, Edward Lane, ya zauna a Alƙahira ya fitar da littafi kan al'adun Misirawa a 1836. Ya ba da labarin yadda suke rataye wannan tsiro a saman ƙofar sabon gida, babu ƙasa babu ruwa, kuma ya yi shekaru a raye. Camfin da suka jingina wa abin nasu ne. Abin lura a nan: shekaru fa, a rataye.

10/ Sabir ya zo a hadisi. A Sahihu Muslim, cikin littafin aikin Hajji, Sayyidina Usman ɗan Affan (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi nuni ga mai harami da idonsa ke ciwo ya yi magani da sabir. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin Ummu Salama (RA) da ta shafa shi lokacin takaba.

11/ Wannan ya nuna mana a Hijaz ta ƙarni na 7 sabir sanannen magani ne na gida. Bayanin hukunci na malamai ne. Amma don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya matsa ɗanyen ganye ya ɗiga a idon yaro. Ciwon ido a kai asibiti.

12/ Tun kafin nan ma ya shiga littafin likitoci. Wani likita Bagirke, Diyoskorides, a ƙarni na farko bayan Annabi Isa (AS), ya rubuta shi cikin babban littafinsa na magunguna: yana wanke ciki, yana busar da miki. Akwai kwafin littafin da aka yi wajajen shekara ta 512, da zanen tsiron a ciki. Yana nan ajiye a birnin Biyana na Austiriya.

13/ Abin da 'yan kasuwar da ke saye ba farin yauƙin nan ba ne. Ruwan ɗorawa ne mai ɗaci da ke tsatsowa daga ƙarƙashin fatar ganye idan an yanka. A jera ganyen, bakin yankan yana kallon ƙasa, ruwan ya tsiyaye, a dafa ko a shanya har ya daskare ya yi baƙi kamar ƙaro. Shi ake ɗorawa raƙumi da jirgin ruwa.

14/ Mafi daraja shi ne na tsibirin Sukutura, wanda yau yake ƙarƙashin Yaman, kuma daga wata 'yar uwar alobera ake tatsar sa. Marubutan Larabawa irin su Mas'udi da Idrisi sun kawo labarin wai Aristo ne ya ba Iskandar shawarar ya kama tsibirin saboda sabir. Almara ce, amma ta nuna irin kuɗin da ke cikin harkar.

15/ Daga Gabas, Musulmi suka yaɗa nomanta a Andalus. Shaidar tana bakin mutanen Sifen har gobe: tsiron suna ce masa sábila, ɗacin kuma acíbar, duka biyun daga Larabci. Da Sifaniyawa suka tsallaka teku bayan 1492, tsiron ya bi jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka da tsibiran Karibiyan.

16/ Me ya sa ta iya wannan doguwar tafiya? Haƙurin nan dai. Da wuya ka ga alobera ta yi iri, ta 'ya'yan da take fitarwa a gindi ake yaɗa ta. Ɗa guda zai yi makonni a cikin kaya babu ruwa, a sauke a dasa ya kama. Wadda ke bokitinki, Hajiya, hannu da hannu aka yi ta miƙo kakanninta tsawon ƙarnuka.

17/ Ingilishi sun zauna tsibirin Barbados a 1627, kuma kafin ƙarnin ya ƙare alobera ta zama amfanin gona a can, a zamanin da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ke aikin gonakin tsibirin. A cikin duma ake zuba dafaffen ɗacin ya daskare, a tura Landan. Likitocin Ingila suka riƙa kiran sa da sunan tsibirin.

18/ Har wajen suna an yi tsere. A Afirilun 1768 wani masani ɗan Holan, Nicolaas Burman, ya buga sunan Aloe vera. Bayan kwana goma Philip Miller na Landan ya buga nasa, Aloe barbadensis, wato ta Barbados. Ƙa'idar masana ita ce wanda ya riga shi ke da suna. Shi ya sa kuke ganin sunaye biyu a jikin kwalba, tsiro ɗaya ne.

19/ Tsibirin Aruba, kusa da Benezuwela, an kai masa ita a 1840. Ƙasa ce busasshiya mai duwatsu da ta gagari yawancin amfanin gona, sai alobera ta samu gida irin na ubanta. Ta zama babbar hajar tsibirin, har yau hotonta yana cikin tambarin ƙasar. Duk inda ta yi albarka a tarihi, ka duba, ƙasar ba ta riƙe ruwa.

20/ Yaushe aka koma kan farin yauƙin? A 1935 wasu likitoci biyu a Amurka, dukansu masu suna Collins, suka ba da rahoton wata mata da hasken na'urar asibiti ya ƙona mata fata, suka yi mata magani da ɗanyen yauƙin ganyen. Daga nan masu bincike da masu man shafawa suka juyo kansa.

21/ A 1978 Rex Maughan ya kafa kamfanin Forever Living Products a jihar Arizona, mai sayar da kayan alobera daga hannu zuwa hannu. Irin waɗannan kamfanoni, da sabulai da mayuka na kanti, su suka sa sunan ya shiga kowane lungu a Najeriya. Yau kusan duk mai haɗa sabulun gyaran fata ko man kitso a garuruwanmu ta san alobera.

22/ To yanzu mu dawo gida. Kafin wannan baƙuwa ta zo, ƙasar Hausa tana da nata. Dattawa sun san kabar giwa, wadda wasu ke kira zabo ko zabuwa saboda ɗige-ɗigen fari a ganyenta, kamar zanen zabo. 'Yar dangi ɗaya ce da alobera, kuma tana fitowa a irin dajin da ya taso daga kudancin Katsina zuwa Zariya da Birnin Gwari.

23/ Yadda ta shiga littafin Turawa labari ne. A 1857 ayarin Dakta Baikie ya hau kogin Kwara da jirgin Dayspring, jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace. Cikin ayarin akwai mai tattara tsirrai, Charles Barter. Ya ci gaba da aika samfuri Ingila har ya rasu a Rabba a 1859. Da sunansa aka kira tsiron Aloe barteri.

24/ Sai Dakta John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa farkon zuwan Turawa. Shi ya bi mutane yana tambaya yana rubuta sunayen tsirrai da Hausa. Ya fitar da ƙamusinsa a 1916, sannan babban littafinsa na tsirrai masu amfani a 1937. Sunayen zabo da kabar giwa suna cikin abin da ya tsare mana a rubuce.

25/ A 1963 masanin gandun daji R. W. J. Keay ya sake duba lamarin, ya nuna cewa abin da aka daɗe ana kira Aloe barteri gauraye ne. Iri uku ne a Najeriya: Aloe buettneri, Aloe schweinfurthii da Aloe macrocarpa. Ta farkon an raɗa mata sunan wani Bajamushe ne, Richard Büttner, da ya yi aiki a Togo.

26/ Ga inda abin yake da daɗi. Aloe buettneri 'yar damina ce. Tana da kumburin gindi a cikin ƙasa kamar albasa. Ruwa ya sauka ta fito shar cikin ciyawa, ta sha ta ƙoshi. Rani ya shigo ganyen ya bushe, wutar daji ta bi ta kanta, gindin yana ƙasa yana barci. Ruwan farko ta sake tsirowa.

27/ Ka ga bambancin? Tamu ta koyi zama da damina mai ƙarfi da rani mai tsawo: ta sha da yawa, ta kwanta. Baƙuwar kuwa ba ta zubar da ganye, ba ta san wata huɗu a jere na ruwa ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗaya kukan dajinmu take, ɗaya na duwatsun Oman.

28/ A faɗin Afirka ta Yamma an rubuta amfanin da mutane ke yi da tamu: a shafa a ƙuna, a miki, a cizon ƙwari, da gyambon kurkunu a zamanin da cutar ke nan. Wato yawancin abin da ake tallar alobera da shi yau, kakanninmu sun san makamancinsa a bayan gari, kyauta.

29/ Yanzu Daudawa. Idan akwai garin da ya kamata ya fahimci halin baƙon iri, to Daudawa ce, don da shi ta yi suna. A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA don neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Idonsu ya faɗa kan Arewa, inda ake noma da kaɗi da saƙa tun kafin su san hanya.

30/ Matsalarsu ita ce audugarmu ta gargajiya gajeren zare gare ta, injinansu kuwa dogo suke so. A 1912 aka shigo da wani iri mai suna Allen. Asalinsa jihar Misisifi ta Amurka, amma ta Uganda ya biyo. Aka gwada shi a ƙasar Zazzau ya karɓa. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma ta Samaru.

31/ Samun iri mai kyau daban, yaɗa shi ba tare da ya gauraya ba daban. Nan Daudawa ta shigo. A shekarun 1920 hukumar noman auduga ta daular Ingila, wadda aka kafa a 1921, ta buɗe gonar iri a Daudawa. Aikinta ta ninka tsabtataccen iri, daga nan a raba wa manoma zuwa sauran ƙasar.

32/ Sai komai ya haɗu. Injin gurzar auduga a Funtuwa. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Noma da garmar shanu, wanda ma'aikatar gona ta fara yaɗawa a 1928, ya samu gindin zama a yankin, Daudawa tana cikin wuraren da aka zaunar da manoma a kan wannan tsari.

33/ Me ya sa nan? Ƙasa da ruwa. Kudancin Katsina ba irin jigawar Daura da Kaita ba ce. Ƙasar nan tana da nauyi, tana da laka, tana riƙe danshi bayan ruwa ya ɗauke, abin da auduga ke buƙata ke nan don ta cika ƙwallo a watan Oktoba. Wannan ni'ima ita ta sa aka san Funtuwa da Daudawa da Bakori da farin zinare.

34/ To wannan ni'imar dai ita ce ajalin alobera. Mutum ya ɗebo ƙasar gonar auduga, ya cika bokitin roba marar huji, ya dasa 'yar duwatsun Oman, ya ajiye a tsakar gida ruwan Agusta yana dukanta, safe da yamma kuma ya ƙara mata da buta. Niyya mai kyau ce wallahi. Amma nutsar da ita ake yi.

35/ Ma'aikatan gonar Daudawa da na Samaru shekaru suka yi suna auna lokacin shuka da tazara da irin ƙasar da Allen ke so kafin ya zauna. Daga cikinsa aka zaɓo irin da ake kira Samaru 26C da 26J. Ba a ce masa "ka zo garinmu, ka ci abin da muke ci" ba. Alobera ma bincike take so, ga shi a taƙaice.

36/ Mazubi: tukunyar ƙasa ta fi roba, don tana numfashi, danshi yana fita ta jikinta. Ko me za a yi amfani da shi, dole a huda gindinsa, huji uku ko huɗu. Kada ya fi tsiron girma sosai, babban mazubi ƙasa mai yawa yake ɗauka, ƙasa mai yawa kuma ta daɗe ba ta bushe ba.

37/ Ƙasa: yashin rafi mai gautsi da 'yar tsakuwa su fi yawa, sai ƙasar gona kaɗan da ɗan taki wanda ya riga ya ruɓe sarai. Gwaji mai sauƙi: jiƙa ta ka dunƙula a hannu. In ta zauna kamar curin fura, laka ta yi yawa, ƙara yashi. In ta wargaje da ka buɗe hannu, ta yi.

38/ Ban ruwa: ba a bin kalanda, ƙasar ake tambaya. Tura yatsa gaɓa biyu. In ka ji sanyin danshi, tafi abinka. In ta bushe ƙayau, zuba ruwa sosai a kan ƙasar har ya fito ta hujin ƙasa, sannan ka ƙyale ta. Irin ruwan garinsu ke nan: ya zo da ƙarfi, ya wuce, a daɗe ba a gan shi ba.

39/ Ɗan yayyafi kullum shi ne mafi muni, sama a jiƙe, saiwa ba ta ƙoshi ba kuma ba ta sha iska ba. Kada a zuba a tsakiyar ganyen inda sabo ke fitowa, ruwa ya kwanta a nan ruɓa ce. Ruwan wanki mai omo ko na wanke-wanke mai maiƙo, a kai shi wani wuri.

40/ Da bazara, Maris zuwa Mayu, ƙaramar tukunya takan bushe cikin mako guda ko kwana goma. Da hunturu girmanta yana raguwa, mako biyu zuwa uku ba komai. Da damina, musamman Yuli zuwa Satumba, a janye ta ƙarƙashin baranda ko rumfa inda haske ke shiga amma ruwa ba ya dukanta. Sau da yawa danshin iska ma ya kusa isar ta.

41/ Kada a bar faranti ko kasko cike da ruwa a ƙarƙashin tukunyar. Saiwa tana ruɓa, sauro kuma yana samun wurin ƙyanƙyasa a tsakar gida, a watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Tsiron da aka kawo don magani kada ya zama shi ke kiwon cuta.

42/ Ganyen yana magana. In ya yi laushi, ya yi ɗorawa, ya zama kamar an dafa, gindin yana wari: ruwa ya yi yawa. In ya sirance, ya naɗe ciki kamar kwararo, ya yi tamoji: ƙishi ne, ruwa ɗaya mai kyau zai tashe shi. In ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa amma da tauri: rana ce ta yi masa yawa, a matsar inuwa kaɗan.

43/ Wadda ta fara ruɓa ana iya ceto ta. Tumɓuke, karkaɗe ƙasar, yanke duk saiwar da ta yi baƙi da wuƙa mai tsabta. Ajiye a inuwa kwana biyu ko uku bakin yankan ya bushe. Dasa a busasshen yashi, kada a ba ta ruwa sai bayan mako. Ka tuna ta Alƙahira da aka rataye a ƙofa, mako guda ba zai kashe ta ba.

44/ Magana ɗaya kan sha, don tarihin ya zo da gargaɗi. Ruwan ɗorawan nan mai ɗaci maganin wankin ciki ne mai ƙarfi, yana murɗa hanji. A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba takardar likita, don ba a kawo mata hujjar cewa ba ya cutarwa ba.

45/ Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafinta na 2016, ta sa ruwan ganyen da aka markaɗa gaba ɗaya da fatarsa cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa su jawo cutar, bisa gwajin ɓeraye. Mai ciki, mai shayarwa, ƙananan yara, mai ciwon ƙoda: a nisanci sha. Don shafawa, a bar ɗacin ya tsiyaye, a wanke, a ɗauki farin.

46/ Abin da ya fi damuna a wannan tarihi ba baƙuwar ba ce, tana da kamfanoni da gonaki a duniya, ba za ta ɓata ba. Kabar giwa ce. Ilimin tsiron daji a ƙafa ake koyon sa: yaro ya bi kakansa ko maharbi ko makiyayi, a nuna masa, a faɗa masa suna da amfani da lokacin da ake samu.

47/ Dajin da ya haɗa Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Zamfara da Birnin Gwari kuwa, kowa ya san halin da ya shiga. Duniya ta ji sunan Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya. Ƙauyuka da yawa sun tashi, gonakin nesa sun zama kufai, shiga daji neman ganye ya zama kasada da rai.

48/ Yaron da ya tashi a gidan haya a Funtuwa ko Katsina bayan an baro ƙauye zai san alobera daga jikin kwalin sabulu. Zabo kuwa tsuntsu kawai zai sani. Cikin asarar da wannan fitina ta jawo, wannan ƙarama ce idan aka gwada da rayuka, amma irin asarar da ba a lura da ita ce sai dattawan sun ƙare.

49/ Dalziel baƙo ne, ya zauna ya tambayi kakanninmu ya rubuta, shi ya sa bayan shekara ɗari muke da abin dubawa. Yau kowannenmu yana da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Cibiyar Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana nan kusa, ga jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma. Ɗalibanmu na ilimin tsirrai, ga aikin digiri a ƙofar gida.

50/ Don haka roƙona biyu. Na ɗaya, 'yan Daudawa, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, ku tambayi Baba ko Inna ko Kaka: sun san kabar giwa ko zabuwa? Me ake kiran ta a garinku, a ina take fitowa, me ake yi da ita? Ku rubuto mana nan da sunan garin, a tara.

51/ Na biyu, ku tura wa duk wadda kuka san tana da bokitin alobera a tsakar gida. Kafin ruwan Agusta ya kankama, a huda gindin bokitin, a ƙara yashi, a janye ta ƙarƙashin rumfa, a ajiye butar nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a dazukanmu da gonakinmu. Amin. Nan zaren ya ƙare.